Mutum Uku a Hoto, Sha Ɗaya a Dandamali: Nazarin Rangadin Ƙungiyar Rolling Stones, 1962-2024

1.0 Gabatarwa

Ran 12 ga Yuli 1962 waɗansu samari suka hau dandamalin wani ƙaramin gidan kiɗa mai suna Marquee a birnin Landan, suka yi wasa da sunan da suka aro daga wata waƙa ta Muddy Waters, mawaƙin buluz baƙar fata na Amurka. A shekarar 2024, watau bayan shekara 62, an yi rangadin manyan filayen wasa na Amurka da Kanada da wannan suna na Rolling Stones. Daga cikin waɗanda suka tsaya a Marquee mutum biyu kaɗai suka kai wannan rangadi, su ne Mick Jagger mai jan waƙa da Keith Richards mai kaɗa jita. Mutum 11 ne suke hawa dandamali a 2024, amma uku kawai ake ƙirgawa a matsayin 'yan ƙungiya, su ne kuma ake ɗauka a hoto.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bi sawun rangadin wannan ƙungiya zango-zango, ta duba yadda sauti ya riƙa sauyawa a duk sa'ad da wani ya fita ko wani ya shigo. Abin da take son tabbatarwa shi ne, jerin sunayen da ƙungiyar ta yarda da su bai taɓa yin daidai da jerin hannayen da suke fitar da kiɗan ba, kuma duk tarihin da aka rubuta daga hoton bangon faifai tarihi ne mai giɓi. Za a dogara ne a kan faya-fayen da aka ɗauka a bainar jama'a, domin su ne shaidar da ta rage ta abin da kunne ya ji a wurin wasa.

2.0 Me Ake Nufi da Ƙungiya?

Mai nazarin waƙar baka ya saba da ƙungiyar da ke da uban kiɗi guda, da makaɗa, da 'yan amshi, da sanƙira. Idan an ce Mamman Shata da ƙungiyarsa, sunan ya riga ya faɗi inda iko yake, ba wanda kuma zai yi mamaki don mai kalangu ya sauya. Ƙungiyar kiɗan rok kuwa wata da'awa ce dabam take yi. Sunanta ba na mutum ɗaya ba ne, na taron abokai ne waɗanda ake nuna wa duniya cewa kansu ɗaya, kowa da kayan kiɗansa, kowa da rabonsa. A kan wannan da'awa ake sayar da faifai da tikiti.

A ƙarƙashin wannan suna guda akwai abubuwa uku da ya kamata a rarrabe. Na farko shi ne mallaka, watau waɗanda suke da hannun jari a sunan, suke raba riba. Na biyu shi ne hoto, watau fuskokin da ake nuna wa jama'a. Na uku shi ne sauti, watau waɗanda suke tsaye da kayan kiɗa a daren wasa. A ƙungiyar Rolling Stones waɗannan abubuwa uku sun rabu tun ba a je ko'ina ba, kamar yadda za a gani.

3.0 Zango na Farko: 1962-1967

Brian Jones, mai kaɗa jita, shi ne ya tara ƙungiyar, kuma mutum na farko da ya amsa kiransa shi ne Ian Stewart mai fiyano. Bill Wyman ya shigo da jitar bes, wadda ke riƙe ƙasan kiɗa, a watan Disamba 1962, Charlie Watts kuma ya zauna a kan ganguna a watan Janairu 1963. Da haka suka cika shida. A cikin 1963 ɗin ne sabon manajansu, Andrew Loog Oldham, ya ga cewa shida sun yi yawa a hoto, kuma siffar Stewart ba ta dace da irin samarin da yake son tallatawa ba, sai aka cire shi daga jerin 'yan ƙungiya. Stewart bai yi fushi ya tafi ba. Ya ci gaba da tuƙa motarsu, yana ɗaukar kaya, yana kaɗa fiyano a faifai da kuma dandamali, har ya rasu a watan Disamba 1985. Wannan shi ne karo na farko da hoto ya rabu da sauti, kuma duk abin da ya biyo baya a kan wannan gurbi aka ɗora shi.

Rangadinsu na farko a Ingila, a ƙarshen 1963, a ƙarƙashin wasu suka yi shi, ciki har da Bo Diddley da Little Richard, waɗanda suke koyi da su. A watan Yuni 1964 suka fara zuwa Amurka, har suka ɗauki waƙoƙi a ɗakin ɗaukar faifai na Chess a Shikago, inda Muddy Waters ya yi nasa. Wasan wannan zamani gajere ne, bai cika wuce rabin awa ba, lasifikoki kuma ƙanana ne, ihun 'yan mata yakan danne kiɗan gaba ɗaya. Sau da yawa ma tarzoma ce take rufe taro, kamar wadda aka yi a garin Blackpool a watan Yuli 1964, wadda ta sa hukumar garin ta haramta musu wasa, haramcin da ba a ɗage ba sai 2008.

Saboda haka shaidar sauti ta wannan zango ba ta da ƙarfi. Faifan Got Live If You Want It! da ya fito a Amurka a 1966 ihu ya fi yawa a cikinsa, biyu daga waƙoƙinsa ma a ɗaki aka ɗauke su, aka liƙa musu ihun daga baya. Duk da haka ana iya jin ginshiƙai biyu da suka kafu. Na ɗaya, jitar Jones da ta Richards suna shiga juna kamar zaren tsaye da na kwance a masaƙa, ba a ware mai riƙe kari da mai kaɗaita ba. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci, tsarin bin juna ne da ya saɓa wa al'ada. A yawancin ƙungiyoyi kowa makaɗin ganga yake bi. A nan kuwa, kamar yadda Wyman ya sha bayyanawa, Watts ne yake bin jitar Richards, saboda haka bugunsa yakan zo a baya da ɗan ƙiris, shi kuma Wyman yakan ɗan riga su. Wannan 'yar tazara ita ke sa kiɗan ya riƙa rangaji kamar zai watse amma bai watse ba. Rangadin Turai na bazarar 1967, wanda ya kai su har Warso ta ƙasar Folan, shi ne na ƙarshe da Jones ya yi.

4.0 Zango na Biyu: 1969-1974

An raba gari da Jones a watan Yuni 1969, ya kuma rasu ran 3 ga Yuli yana da shekara 27. Bayan kwana biyu ƙungiyar ta yi wasa kyauta a dandalin Hyde Park na Landan, inda ta gabatar da magajinsa, Mick Taylor, saurayi ɗan shekara 20 daga ƙungiyar John Mayall. Rangadin Amurka na watan Nuwamba 1969 ya tarar da duniya ta sauya. Lasifikoki sun yi ƙarfi, wasa ya zarce awa ɗaya, jama'a kuma sun daina ihu sun koma saurare. Wanda ake saurare kuwa dole ya iya kiɗa.

Shigowar Taylor ta warware saƙar nan ta jita biyu. Richards, wanda a lokacin ya koma kaɗa jita mai tsirkiya biyar da wani ɗauri na daban, ya tsaya a kan kari, Taylor kuma ya ɗauki kaɗaitawa, yana jan dogon rauji mai santsi a saman kiɗan. Faifan Get Yer Ya-Ya's Out! na 1970, wanda aka ɗauka a Niyok da Baltimo, shi ne shaidar wannan rabon aiki. A waƙar Midnight Rambler ana jin yadda ƙungiyar take rage sauri har kiɗan ya kusa tsayawa, sa'an nan ta sake tayar da shi ba tare da kowa ya ɓace ba. Ƙungiyar 1966 ba za ta iya wannan ba. Ko da yake an gyara wasu muryoyi a ɗaki daga baya, wannan faifai shi ne ma'aunin da ake gwada sauran da shi.

Rangadin ya ƙare da baƙin ciki. Ran 6 ga Disamba 1969, a wasan kyauta na Altamont a jihar Kalifoniya, inda aka ba 'yan ƙungiyar babura ta Hells Angels tsaron dandamali, ɗaya daga cikinsu ya kashe wani saurayi baƙar fata ɗan shekara 18, Meredith Hunter, wanda ya zaro bindiga a kusa da dandamalin. Kotu ta sallami wanda ya yi kisan a 1971 a kan hujjar kare kai. Darasin da masu shirya wasa suka ɗauka shi ne taron dubban ɗaruruwa ba ya yiwuwa da ka, sai da tsari da shinge da ma'aikata, kuma wannan darasi ya yi tasiri a kan duk rangadin da ya biyo baya.

Daga 1970 dandamali ya fara cika da waɗanda ba sa cikin hoto. Bobby Keys, mabushin saksafon daga jihar Tekzas, da Jim Price mai busa bigila, suka shiga rangadin Turai na wannan shekara. Nicky Hopkins ya riƙe fiyano a 1971 da 1972, Billy Preston kuma ya karɓa a rangadin Turai na 1973. Masana da yawa suna ganin wasannin 1972 da 1973 su ne ƙololuwar ƙungiyar, kuma faifan da aka ɗauka a Burasel a watan Oktoba 1973, wanda bai fito a hukumance ba sai 2011, yana goyon bayansu. Abin lura a nan shi ne, wannan ƙololuwa ba ta mutum biyar ba ce. Idan aka zare busa da fiyano daga wasannin 1972, abin da zai rage ƙashi ne ba tsoka. Busar Keys a waƙar Brown Sugar ta zama gaɓar waƙar kanta, har jama'a suna jiranta kamar yadda ake jiran amshi. Taylor ya bar ƙungiyar a watan Disamba 1974, kuma daga cikin ƙorafinsa har da rashin sa sunansa a waƙoƙin da yake ganin da hannunsa a ciki.

5.0 Zango na Uku: 1975-1982

Ronnie Wood ya shigo a rangadin Amurka na 1975 a matsayin aro daga ƙungiyar Faces, aka tabbatar da shi a 1976. Hannunsa bai kai na Taylor santsi ba, amma ya fi dacewa da Richards, don haka saƙar jita biyu ta dawo. An yi asarar dogon rauji, an sami haɗin kai. Sha'anin Wood ya ƙara fito da rabuwar da aka ambata a baya ta wata fuska: yana cikin hoto, yana cikin sauti, amma albashi ake biyansa, bai shiga rabon riba ba sai a farkon shekarun 1990. Ke nan ana iya zama ɗan ƙungiya a idon jama'a fiye da shekara 15 alhali a takarda ma'aikaci ne.

A wannan zango ne kallo ya fara rinjayar ji. Dandamalin 1975 an ƙera shi kamar fure mai buɗewa, Jagger kuma yana gudu daga wannan gefe zuwa wancan, abin da ya sa yake gutsuttsura kalmomi yana haki. Preston da Ollie Brown mai ƙananan ganguna sun kawo wani ɗanɗano na kiɗan baƙaƙen Amurka na wannan zamani, har akan bar wa Preston fili ya rera waƙoƙinsa biyu a tsakiyar wasa. Faifan Love You Live na 1977 ya nuna cutar da maganinta a wuri ɗaya. Ɓangarorin da aka ɗauka a manyan zauruka a kumbure suke, a gurguje. Ɓangaren da aka ɗauka a ƙaramin gidan kiɗa na El Mocambo a Toronto a watan Maris 1977, inda suka koma ga tsofaffin waƙoƙin buluz, a natse yake, kowa yana jin ɗan'uwansa. Mutanen ɗaya ne, faɗin wuri ne ya bambanta.

Rangadin Amurka na 1981 ya buɗe wani babi, domin kamfanin turare na Jovan ne ya ɗauki nauyinsa, sunansa a kan tikiti. Da yawa daga cikin wasannin a filayen ƙwallo aka yi su. A rangadin Turai na 1982 Chuck Leavell, tsohon mai fiyano na ƙungiyar Allman Brothers, ya shigo. Wasan da aka yi a garin Lidis a watan Yuli 1982 shi ne na ƙarshe a rangadi ga Stewart. Daga nan saɓani ya shiga tsakanin Jagger da Richards, aka yi shekara bakwai ba rangadi.

6.0 Zango na Huɗu: 1989-2019

Ƙungiyar da ta dawo a rangadin Steel Wheels na 1989 wata halitta ce sabuwa. Ɗan kasuwar Kanada Michael Cohl ya sayi rangadin dungurungum, mai zanen gini Mark Fisher ya ƙera dandamali kamar rusasshiyar masana'anta, aka ƙara mabusa, aka ɗauki 'yan amshi, cikinsu har da Bernard Fowler da Lisa Fischer. Tun da hasken wuta da majigi da wasan tartsatsi duk a kan lokaci suke tafiya, dole kowace waƙa ta fara da saurin da aka tsara ta ƙare inda aka tsara. Wannan aiki a hankali ya koma hannun Leavell, wanda ya zama mai kula da tsarin kiɗa: shi ke ajiye bayanin yadda aka shirya kowace waƙa, shi ke ba da saurin farawa, shi ake duba idan an rikice. Mutumin da ke riƙe da linzamin dandamali ke nan, amma ba ya cikin hoto.

Ribar wannan tsari a fili take. Wasa ya daina lalacewa, ana jin kowace kalma, ƙungiyar kuma ta kai inda ba ta taɓa zuwa ba: Japan a 1990, filin Ellis Park na Johanasbag a watan Fabrairu 1995, Shangai a 2006, gaɓar tekun Kopakabana a Barazil a watan Fabrairu 2006 inda aka ƙiyasta taron da mutum miliyan ɗaya da rabi, da Habana ta Kyuba ran 25 ga Maris 2016. Rangadin Voodoo Lounge na 1994-1995 ya tara kimanin dala miliyan 320, na A Bigger Bang na 2005-2007 kuma dala miliyan 558. Hasarar ita ce rangajin nan na asali ya ragu. Kiɗan da a da yake kamar zai watse ya zama an san ba zai watse ba, mai saurare kuma ya rasa fargabar da ke sa shi kasa kunne. Akwai alamar su kansu sun gane haka. Faifan Stripped na 1995 a ƙananan wurare aka ɗauki wasanninsa, daga 1997 kuma suka riƙa kafa wani ɗan ƙaramin dandamali a tsakiyar jama'a, su tsallaka zuwa can su yi 'yan waƙoƙi a matse da juna.

Wyman ya sanar da fitarsa a watan Janairu 1993. Wanda ya gaje shi shi ne Darryl Jones, baƙar fata ɗan Shikago, wanda ya yi aiki da Miles Davis, kuma Watts, mai son kiɗan jaz, shi ya fi tsayawa a kan zaɓensa. Hannun Jones ya fi na Wyman nauyi da daidaito, yana zama daram a kan bugun ganga maimakon ya riga shi, abin da ya dace da manyan filaye. Tun rangadin 1994 har na 2024 shi ne a kan jitar bes, watau shekara 30, daidai da abin da Wyman ya yi. Ba a taɓa sa shi cikin jerin 'yan ƙungiya ba.

Haka kuma sha'anin muryar mace. A faifan 1969, Merry Clayton ce ta rera ɓangaren da ya ɗaga waƙar Gimme Shelter. A dandamali Fischer ta ɗauki wannan ɓangare ta mayar da shi fafatawa tsakaninta da Jagger, har ya zama ɗaya daga cikin wuraren da ake jira a kowane dare, tsawon shekara 26, kafin ta bari a 2015. A wasannin cika shekara 50, daga 2012, an gayyato Wyman da Taylor a matsayin baƙi. Duk daren da Taylor ya hau don Midnight Rambler, waƙar takan koma siffarta ta 1969 nan take. Babu gwajin da ya fi wannan nuna cewa sauti a hannun mutum yake zaune, ba a suna ba. Keys kuwa, bayan ya yi ta fita yana komowa, ya rasu a watan Disamba 2014, Karl Denson ya karɓi busarsa.

7.0 Bayan Watts

Wasan ƙarshe na Watts shi ne na Mayami ran 30 ga Agusta 2019. Ya rasu ran 24 ga Agusta 2021 yana da shekara 80, bayan ya amince Steve Jordan ya riƙe masa wuri a rangadin wannan shekara. Jordan ba baƙo ba ne, domin ya daɗe yana aiki da Richards a ƙungiyarsa ta gefe tun shekarun 1980. Ya nazarci hannun Watts ƙwarai, har da al'adarsa ta ɗage sandar dama daga faifan ƙarfe a daidai lokacin da ta hagu take sauka a kan ganga, abin da ke sa bugun ya fito shi kaɗai, tas. Amma Jordan ya fi ƙarfin bugu, kuma tura kiɗan yake yi gaba, alhali Watts jan sa yake yi baya. Wasannin 2021, 2022 da 2024 sun fi na shekarun da suka gabace su kuzari, wannan gaskiya ne. Sai dai tattaunawar jitar Richards da gangar Watts, wadda aka fara a 1963, ta ƙare. Idan akwai abu guda da ya cancanci a kira shi sautin Rolling Stones, to wannan tattaunawa ce, kuma abin da ya biyo bayanta ƙungiya ce ta ƙwararru da ke kaɗa waƙoƙin Jagger da Richards tare da masu waƙoƙin.

A rangadin 2021 ne kuma aka ajiye waƙar Brown Sugar saboda yadda ta yi wasa da zancen bauta da matan bayi. A faifan Hackney Diamonds na 2023 an ji gangar Watts a waƙoƙi biyu da aka ɗauka kafin rasuwarsa, Wyman ma ya dawo a waƙa ɗaya. Rangadin 2024, lokacin da Jagger da Richards suke da shekara 80 kowannensu, ƙungiyar tsofaffi da masu ritaya ta Amurka, AARP, ita ta ɗauki nauyinsa. Daga kamfanin turaren samari zuwa ƙungiyar tsofaffi, masu saurare sun tsufa tare da mawaƙansu.

8.0 Hukunci

Idan aka jera shekaru, rashin daidaiton yakan fito sarai. Brian Jones ya yi shekara bakwai, Taylor biyar da 'yan watanni, dukansu kuma ana lissafa su a kowane littafin tarihi. Leavell ya haura shekara 40, Fowler 35, Darryl Jones 30, amma a gefen shafi ake samun sunayensu. Akwai kuma batun launin fata wanda ba a iya kauce masa. Ƙungiyar da ta gina kanta a kan kiɗan baƙaƙen Amurka ba ta taɓa sa baƙar fata cikin jerinta ba, alhali a 2024 biyar daga cikin takwas ɗin da ba sa cikin hoto baƙaƙe ne, har da mai ganga da mai bes, waɗanda su ne harsashin kiɗan.

Adalci ya wajabta a faɗi ɗaya gefen. Stewart da Keys da Leavell fararen fata ne, su ma a waje aka bar su, saboda haka tushen abin kuɗi ne da hoto kafin ya zama launi. Zama ɗan ƙungiya shiga kamfani ne, wanda kuma ya zo bayan an gina gida ba lalle ne a raba gado da shi ba. Jagger yakan gabatar da kowa da sunansa a kowane dare. Ƙungiyar ta nace sai da aka sa sunan Stewart sa'ad da aka karrama ta a zauren tunawa da gwanayen rok a 1989. Ba ta kuma ɓoye malamanta ba: ta sa an gayyaci Howlin' Wolf shirin talabijin na Amurka a 1965, ta tafi da B.B. King da Ike da Tina Turner a rangadin 1969, da Stevie Wonder a na 1972, ta kuma je ta zauna a gaban Muddy Waters a wani ƙaramin gidan kiɗa na Shikago a 1981.

Duk wannan ya wanke ƙungiyar daga zargin ɓoye asali, amma bai wanke mai nazari ba. Kamfani yana da ikon ya raba ribarsa yadda ya ga dama. Mai nazari kuwa ba a kan riba yake aiki ba, a kan abin da aka ji yake aiki, don haka ba shi da hujjar karɓar jerin kamfani a matsayin jerin masu fasaha. Wanda ya rubuta cewa mutum biyar ne suka yi wasannin 1972, ko mutum uku na 2024, ya maimaita talla ne kawai.

9.0 Kammalawa

An ga yadda rangadin Rolling Stones ya ratsa zanguna biyar, da yadda kowane zango ya sami sautinsa daga wanda ya shigo da wanda ya fita, da kuma faɗin wurin da aka yi wasa. Saƙar Jones da Richards, da raujin Taylor, da busar Keys, da tsarin Leavell, da nauyin hannun Darryl Jones, da muryar Fischer, kowanne ya sauya abin da jama'a suka ji, ko da yake sunan da ke kan tikiti bai sauya ba. Abin da ya haɗa zangunan huɗu na farko shi ne ganga da jita guda biyu masu bin juna, wannan kuwa ya yanke a 2019. Saboda haka ya kamata duk mai nazarin wasan wata ƙungiya ya fara da tambayoyi uku kafin ya yanke hukunci: wace shekara, wane wuri, su wa kuma suke tsaye a dandamali a wannan dare. Wanda bai rubuta sunan mai ganga da na ɗan amshi ba tun suna raye, zai nema daga baya ya rasa wanda zai tambaya.